Iskar Tula da rigimar "kyauta" a zauren unguwa

Hamma Mai Walda: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau sai na yi magana ko da za a ce na cika surutu. Tun safe ƙofa biyu ke jingine a shagona ban haɗa ko ɗaya ba, babu wuta. Fetur kuwa tun da aka cire tallafi a 2023, in na zuba wa inji ribar aikin a gidan mai take ƙarewa. Makon jiya na je biki Tula, wallahi iskar kan dutsen nan sai da ta cire mini hula. Na ce ikon Allah, ga wuta kyauta tana wucewa ta kanmu dare da rana, mu muna cikin Gombe muna fifita da kwali. Ina ƙungiyoyin nan masu cewa suna goyon bayan makamashi mai sabuntuwa? Kullum bita a otal, a raba jaka da biro, a ɗau hoto, a watse. Ko fanka ɗaya mai samar da wuta daga iska ba su kafa mana ba. Mai amsa ya ba ni.

Injiniya: Wa alaikumus salam Hamma. Allah ya kawo sauƙi. Amma ka janye kalmar nan ta "kyauta". Babu wutar kyauta a duniya.

Hamma Mai Walda: To wa kake biya kuɗin iska?

Injiniya: Iska ba a saye. Fankar ake saye, da turken da za ta hau, da kankaren da zai riƙe turken, da taransifoma, da wayar da za ta ɗauko wutar daga Tula zuwa gari, da albashin mai hawa sama ya duba man giya. Fiffike ɗaya na manyan fankokin zamani ya fi tirela tsawo nesa ba kusa ba. Ka tuna hawan Tula da kwanoninsa, ka faɗa mini ta ina za a bi da shi.

Malam Na Islamiyya: Injiniya a yi hattara da harshe. Iska kyauta ce daga Allah, rana ma haka, ruwa ma haka. Cewa babu kyauta a duniya magana ce mai nauyi.

Injiniya: Allah gafarta Malam, wutar na ce, ban ce iskar ba.

Malam Na Islamiyya: Rubutunka na nan, "babu wutar kyauta a duniya". Hasken rana da ka shanya kaya da shi nawa ka biya?

Injiniya: Wutar lantarki nake nufi, kowa ya gane.

Malam Na Islamiyya: To da sai ka rubuta haka. Yara na cikin zauren nan suna karantawa.

Adda Mai Ƙanƙara: Ni dai duk wanda ya ce mini kyauta, sai na ƙara ɗaure bakin zanina. Ruwan Gongola ma ai kyautar Allah ne, ga madatsar Dadin Kowa nan a Yamaltu Deba. Tun shekarun 1980 aka gina ta, sai da yaran da aka haifa lokacin suka yi 'ya'ya kafin injinan wutar suka fara juyawa. Megawat 40 ake cewa. Yau da suke juyawa, wa aka taɓa kawo wa bil aka ce ya bar shi, ruwan Allah ne?

Hamma Mai Walda: Adda ba ki fahimce ni ba. Ina nufin ba a zuba mata fetur.

Adda Mai Ƙanƙara: To ka ce "ba a zuba fetur". Kuma tunda ka tsokano, ɗaya daga cikin ƙofofin nan biyu da ke jingine tawa ce. Tun kafin azumi na ba ka kuɗin ƙarfe, lokacin kuma akwai wuta.

Hamma Mai Walda: Haba Adda, wannan ai maganar gida ce, ba ta zaure ba.

Adda Mai Ƙanƙara: Kai ka kawo ƙofata zaure.

Baffa Ɗan Fansho: Ku bar batun ƙofa. Ni tambayata, mun manta da Katsina ne? Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa tun yana gwamna ya ɗauko aikin wutar iska a Lambar Rimi, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. Fanka 37, kowace kilowat 275, jimla megawat 10. Kamfanin Vergnet na Faransa ya kawo kayan. A Disamba 2012 aka sace injiniyansu Bafaranshe a Rimi, aiki ya tsaya cak, shi kuma sai a ƙarshen 2013 ya kuɓuta. Aikin da aka ce na ɗan lokaci ne ya haura shekara goma ana jan ƙafa. Wannan ita ce kyautar da Hamma ke nema mana?

Hamma Mai Walda: Baffa wannan ai laifin mutane ne, ba laifin iska ba.

Baffa Ɗan Fansho: A Tula aljanu ne za su yi aikin?

Ɗan Ƙungiya: Ina neman izini iyayena. Tunda an ambaci ƙungiyoyi kuma ina aiki da wata, dole in ce wani abu. Kawu Hamma, ƙaramar ƙungiya ba ta da kuɗin kafa fanka, aikinta wayar da kai da horar da matasa da tura wa hukuma buƙatun ƙauyuka. Manyan kuɗin suna bi ta hukumar samar da wuta a karkara, wato REA. A Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin DARES na samar da wuta daga makamashi mai sabuntuwa, kuma mafi yawan abin da ake yi da irin wannan kuɗin ƙananan tashoshin sola ne da sola na gidaje, don su ne ake iya kafawa da wuri. Sannan dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa ke nan, ba tamu ba.

Hamma Mai Walda: Ɗana, a bitar da kuka yi ta ƙarshe nawa aka ba kowa kuɗin mota?

Ɗan Ƙungiya: Kawu wannan ba shi ne batun ba.

Adda Mai Ƙanƙara: Shi ne batun mana. Ga kyauta ta gaskiya nan, shinkafa da kaza da ambulan.

Ɗan Ƙungiya: Goggo ba kyauta ba ce, mutum ya bar sana'arsa yini guda.

Malam Na Islamiyya: Kun gani ko? Kowa na gudun kalmar nan kamar abin kunya ce.

Injiniya: Bari in koma kan iskar, don har yanzu ba wanda ya taɓa ta. Hamma, iskar da ke cire hula ba ita ake nema ba. Ana neman wadda ke kaɗawa a kai a kai, wata da watanni, a can sama inda kan fankar yake. Galibin fankoki ba sa fara ba da wuta sai gudun iska ya kai wajen mita 3 a daƙiƙa, in kuma ya kai wajen mita 25, irin guguwar farkon damina mai yaye kwano, tsayar da su ake yi kar su karye. Ga abin da mutane ba su sani ba: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ninkawa yake sau takwas. In ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ya rage maka. Shi ya sa ɗan bambanci tsakanin wannan tudu da wancan ke raba riba da asara. Kafin banki ya ba da sisi sai an kafa dogon ƙarfe da na'urar awo an auna aƙalla shekara guda, hunturu da bazara da damina. Wa ya auna Tula? In akwai mai takardar awon ya turo.

Hamma Mai Walda: Ni na auna da kaina.

Injiniya: Da hula.

Ɗan Bauchi: Hhhh. Ku dai ku yi ta fama. In ma za a kafa fanka a yankin nan, ai ta wajenmu za a fara, mu da ke jingine da tsaunukan Jos ta Toro. Gombe rami ce, kowa ya sani, shi ya sa zafinku ya fi namu.

Baffa Ɗan Fansho: Garin Gombe ne ke cikin kwari, ba jihar ba. Ka taɓa hawa dutsen Bima? Ka je Kaltungo da Ɓilliri ka ga duwatsu?

Ɗan Bauchi: Duk ai namu ne kafin 1996, mu muka ba ku kyauta.

Adda Mai Ƙanƙara: Ga ta nan kuma. Wa ya ba wa kyauta? Abaca ne ya yanke jiha ranar 1 ga Oktoba, ba ku ba.

Ɗan Bauchi: To man fetur ɗin da aka gano a Kolmani fa? A Alkaleri yake, amma kun maƙale.

Baffa Ɗan Fansho: Yaro ka yi hankali. Kolmani kan iyaka take, akwai ɓangaren Akko. Da Buhari ya zo a Nuwamba 2022 gwamnonin jihohin biyu ne suka tsaya a wurin, ba ɗaya ba.

Ɗan Bauchi: Baffa baƙo ma ana ba shi kujera a wurin biki.

Baffa Ɗan Fansho: Kai ne baƙo a zauren nan. Aure ya kawo ka unguwarmu, ka riƙa tunawa.

Alhaji Admin: Jama'a a daina. Ba zauren Kolmani ba ne. Duk wanda ya sake ambaton Bauchi da Gombe zan cire shi na kwana biyu.

Ɗan Bauchi: Yallaɓai ni kaɗai za a cira, na sani.

Uwar Biyu: Ni wani saƙon murya aka turo mini, wai fankokin nan korar hadari suke yi, duk inda aka kafa su ruwan sama ya ɗauke. Wai har shanu ke daina ba da nono. In haka ne a bar mana Tula yadda take, mutane na noma a can.

Injiniya: Hajiya wa ya yi saƙon?

Uwar Biyu: Wani malami ne, ba a faɗi sunansa ba.

Injiniya: Hadari na can sama nesa da inda fanka ke kaiwa. Ƙasar Denmak fiye da rabin wutarta daga iska take samu, ruwa bai ɗauke musu ba, kuma har waje suke sayar da madara da man shanu. Abin da yake gaskiya shi ne fiffiken na buge tsuntsaye da jemagu, kuma akwai ƙara ga wanda gidansa ke kusa. A Afirka ma ana yi. Kenya na da tasha kusa da tafkin Turkana, fanka 365, megawat 310. Senegal na da tata a Taiba Ndiaye.

Hamma Mai Walda: Alhamdu lillahi! Injiniya da bakinka. Ashe ana yi. To me ya hana mu?

Injiniya: Ban ce ba a yi ba, na ce ba kyauta ba ce. Ta Turkana ma sai da aka ja layin waya fiye da kilomita 400 kafin wutar ta isa inda ake bukata, kuma jinkirin layin ya sa fankokin suka zauna a kafe ba a shan wutarsu. Mu nan ka manta 2024, da aka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe muka yi makonni a duhu? Ko ka samo wutar, sai ta sami hanyar bi.

Malam Na Islamiyya: Har yanzu dai bai janye ba.

Injiniya: Malam ba zan janye ba.

Ɗan Ƙungiya: Akwai ƙananan fankoki na ƙauye ɗaya, an taɓa gwada ta kilowat 5 a Sayya Gidan Gada ta jihar Sakkwato. Da za a haɗa irinta da sola...

Adda Mai Ƙanƙara: Kilowat 5 ai firizata uku da injin Hamma sun cinye.

Hamma Mai Walda: Injina ko tashi ba zai yi ba.

Alhaji Admin: To jama'a an kusa kiran Isha, bari in taƙaita don waɗanda ba su bi ba. Hamma ya kawo shawarar a kafa fankar iska a Tula, zaure ya duba ya ga ba mai yiwuwa ba ne. Injiniya ya tabbatar mana da hujjar ilimi cewa iskarmu ba ta isa ba. Baffa ya nuna cewa an gwada a Katsina an sha wahala. Hajiya Uwar Biyu ta kawo damuwar manoma, kuma abin dubawa ne. Ɗanmu na ƙungiya ya shaida cewa Bankin Duniya da kansa sola ya zaɓa. Saboda haka matsayar zaure ita ce sola ce mafita, rana kuwa ba sai an auna ta ba, kowa na jin ta a ƙeyarsa. Maganar Kolmani an riga an san mai gaskiya, ba sai na maimaita ba. Mai bukatar farantin sola ko batir ko inbata ya same ni a shago bayan La'asar, akwai sabbin kaya, 'yan zaure ana yi musu ragi.

Injiniya: Alhaji ban ce iskarmu ba ta isa ba. Cewa na yi ba wanda ya kawo awo.

Ɗan Ƙungiya: Ni ma ban ce Bankin Duniya ya ƙi iska ba.

Adda Mai Ƙanƙara: Alhaji batirin da ka sa wa ƙanwata fa, ragin ne ya sa bai kai damina ba?

Alhaji Admin: An rufe zaure sai da safe, admin kaɗai ke iya turo saƙo.