Bututun ƙazanta ya toshe ko an kawo maka takardar tara: abin da jama'a suka ce

Na tattaro shawarwarin da jama'a suka bayar kan toshewar bututun ƙazanta da takardar tara ne don wallahi abin nan yana cutar da mutane. Kusan kowa ya ce ka fara tambayar maƙwabta, in su ma ruwan bayan gida yana dawo musu to babban bututun titi ne ya toshe, wannan aikin hukumar gari ne, amma in gidanka kaɗai ne galibi reshen da ya fito daga gidanka ne kuma a wurare da yawa gyaransa na kan mai gida. Ka ɗau hoto da bidiyo, ka kai rahoto a rubuce, kar ka tafi sai an ba ka lambar ƙorafi. Kuma don Allah kar kowa ya shiga ramin bututun ƙazantar da kansa, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana kisa.

Maganar takardar gargaɗi ko tara daga hukuma ita aka fi daɗewa a kai. Ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara yawanci tana jikin takardar, in ta wuce da wuya a saurare ka ko da kana da gaskiya, kuma kiran waya ba ya zama ɗaukaka ƙara, sai a rubuce. Ka nemi sakamakon gwajin ruwan da hukumar ta dogara da shi, ka haɗa da rasit ɗin fulamba, in ya zura kyamara a bututun ka karɓi bidiyon. Wasu sun ce a biya kawai a huta, ni ban yarda ba sai an ga hujja. Ka kuma tambaya ko ɗaukaka ƙarar ta dakatar da umarnin gyara in an ba ka shi a takardar, don ba ko'ina take dakatarwa ba.