Shamuwa ta ragu a gawon gidanmu, saƙon waya kuma ya sa mun yi asarar iri

Ɗan Adar, daga Tawa:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri in faro daga tushe.

A garin Tawa nake zaune. Ina da ɗan tebur kusa da babbar kasuwa, ina sayar da kiredi ina yi wa mutane cajin salula. Baba yana ƙauye kan hanyar Keita, shi da ƙannena biyu da gonar da kakanmu ya bari. Ajami yake karantawa, bai yi lakwal ba. Don haka duk saƙon da ya shafi gida ni nake karantawa, in kira shi in faɗa masa: nawa tiyar hatsi take a Tawa, nawa aka sayar da rago a Badagishiri, wa ya aiko kuɗi daga Abijan. Ba zan ɓoye alherin abin nan ba. Da can sai Baba ya hau amalanke ya wuni a hanya kafin ya san farashi, yanzu kafin ya idar da azkar na safe na gaya masa.

A tsakar gidanmu akwai wani tsohon gawo. Tun ina yaro shamuwa take sheƙa a kansa. Ina tuna shekarar da muka ƙirga sheƙa bakwai, Inna tana ta faɗa saboda kashinsu yana ɓata mata shanyar kuka, amma ko dutse ba ta bari yaro ya ɗauka. Baba ba ya taɓa buhun iri sai ya ga sun zo, sun ɗebi kara sun gyara sheƙa, sun kwanta.

Bara, a farkon Yuni, wani saƙo ya shigo wani zauren WhatsApp da nake ciki. Da Faransanci da Hausa, har da wani tambari a sama kamar takardar hukuma. Wai damina ta sauka a jihar Tawa, ruwa ba zai yanke ba, kowa ya yi shuka. A daren nan kuwa aka yi ruwa. Da asuba na kira Baba. Ya ce mini: “Sheƙa biyu ce kawai a gawo, kuma ba su kwanta ba. Mu dakata.” Na matsa masa. Na ce masa masu ilimi ne suka rubuta, suna da na'ura a sararin sama. Ya yi shiru, sannan ya ce to.

Tiya huɗu ya zuba, irinsa na kansa, wanda yake zaɓa zangarniya zangarniya tun lokacin girbi ya rataye cikin rumbu. Kwana goma sha tara ba a sake ɗigo ba. Tsiron ya fito, ya kai tsawon yatsa, iska mai rairayi ta bi ta kansa, ya ƙone. Da ruwan gaske ya zo sai irin kasuwa muka saya, wanda ba mu san asalinsa ba, kuma bai yi ido kamar namu ba. Daga baya na bi sawun saƙon, kowa ya ce wani ne ya turo masa. Har yau ban san wanda ya rubuta shi ba.

Baba bai taɓa ce mini uffan a kan maganar ba. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bana ga gajimare ya fara haɗuwa, saƙonni sun fara yawo, ƙanena kuma ya ce sheƙa biyu ce dai a gawo. Don Allah masu sani: shamuwa ƙarewa take yi? In ta daina zuwa, da me tsofaffinmu za su gane damina? Ni kuma da nake tsakanin Baba da waya, wane saƙo zan isar, wanne zan riƙe?

Malama Ta-Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar da alheri. Ilimin ƙasa nake koyarwa a nan Yamai, kuma ni ma a gindin bishiyar shamuwa na girma, don haka labarinka ya taɓa ni.

Abin da Baba yake dubawa ba camfi ba ne. Shamuwa ruwa take bi. Da damina tana nan wurinmu, daga Senegal har Habasha, a nan take ƙwai ta ƙyanƙyashe. Idan kaka ta yi sai ta tashi ta ƙetare tsakiyar Afirka, ta sauka Tanzaniya, Zambiya, Zimbabuwe, har Afirka ta Kudu, domin lokacin da muke cikin hunturu su damina suke. Abincinta fara ne da tsutsa da ƙwari, waɗanda ba sa yawaita sai ƙasa ta jiƙa ciyawa ta tsiro. In iskar damina ta juyo arewa, ita ma sai ta biyo ta. Layin nan da iska mai laima ta teku take haɗuwa da busasshiyar iskar hamada, shi ma'aikatan hasashen yanayi suke aunawa da na'ura, shi kuma shamuwa take bi da fiffike.

Inda matsalar take, tsuntsun da yake rayuwa a ƙasa goma yana buƙatar ƙasa goman nan su yi daidai. In an yi fari a kudancin Afirka ya dawo da rama. In damina ta yi jinkiri a nan, ko ta fara ta yanke, ƴaƴan su ƙyanƙyashe babu fara. Ga maganin ƙwari da ake fesawa, ga manyan itatuwa da ake sarewa. A lissafin masana shamuwa ba ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, amma yawanta raguwa yake. Sheƙa biyu a bishiya ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, wataƙila sun koma wani gari mai manyan itatuwa. Ka tambayi ƙauyukan da ke kewaye da ku.

Akwai wani abu da nake ba ɗalibaina labari kowace shekara. A 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, nauyinsa wajen giram 15, fiye da kashi biyu cikin uku bai dawo musu ba. Suka yi ta neman dalili a gonakinsu. Ashe a nan yankin Sahel yake cin rani, kuma farin da ya fara a 1968 ne ya kashe shi, farin da ya ci gaba har ya kai mu ga yunwar 1973. Tun kafin duniya ta ji kukan mutanenmu, rashin ɗan tsuntsun nan ya kai labari Turai. Tafkin Tabalak da na Dan Dutsi da ke jiharku, tun 2005 aka sa su cikin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma tsuntsayen da ke sauka a kansu daga nesa suna cikin dalilan. A Fabrairun 2024, a wani taro a birnin Samarkand na ƙasar Uzbekistan, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan dabbobi masu ƙaura: kashi 44 cikin 100 na waɗanda ke cikin jerinta suna raguwa, kashi 22 kuma suna fuskantar ƙarewa.

Batun saƙo kuwa, abu ɗaya ya isa ka gane na bara ƙarya ne: ya ce ruwa ba zai yanke ba. Babu masanin da zai rubuta haka. Cibiyar AGRHYMET, mai nazarin noma da ruwa da yanayi ta yankin Sahel, tana nan Yamai tun 1974, ita da ACMAD, cibiyar hasashen yanayi ta Afirka, da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa suna fitar da hasashen damina kafin ta sauka, kuma da “ana sa ran” da “mai yiwuwa” suke magana. Har tsawon kwanakin da ruwa kan iya yankewa a farkon damina suna faɗi. Wannan sashen ne masu turawa suke yankewa, don ba ya daɗin ji.

Bawan Allah na Abalak:

Sannu ɗan uwa. Mu makiyaya ne, mu ma masu ƙaura ne kamar shamuwarku, sai dai da kofato. Da rani mu gangara kudu, ruwa na sauka mu bar wa manoma gonakinsu mu hau Azawak, wasu har Ingal don gishirin dabbobi a watan Satumba.

A da in za a tashi, sai a tura mutum ɗaya kan raƙumi ya yi kwana uku ko huɗu ya dubo ciyawa da ruwa, ya dawo ya faɗi abin da idonsa ya gani. In ya yi ƙarya an san gidansu. Yanzu saƙon murya ɗaya ya wadatar, kuma wallahi ya cece mu ba sau ɗaya ba. Da shi muka ji an ga cuta a wata rijiya muka kauce. Da shi aka gano mana raƙuma biyu da suka ɓace. A 2010, shekarar da shanu suka yi ta faɗuwa, akwai ƙauyuka a jihar Tawa da tallafin kuɗi ya riƙa iso wa mata ta salula, ba su yi tafiyar yini sun bi layi ba.

Amma ga abin da ya same mu. Wata shekara wani ya ɗauki hoton tafki cike da ruwa, ciyawa kore shar, ya ce ga shi arewa da mu. Hoton gaskiya ne, wurin ma gaskiya ne. Sai dai ba mu kaɗai muka gani ba. Da muka isa bayan kwana biyar, garke ya fi ashirin a bakin tafkin, ruwan ya koma taɓo, ciyawar an tattake ta tun ba ta yi ƴaƴa ba. Shanunmu sun riga sun gaji, komawa ba ta yiwuwa. Saniya uku muka bari a can. Wanda ya tura bai yi nufin sharri ba, alheri ya so yi.

Tun daga nan babanmu ya kafa mana sharaɗi. Duk saƙon da ya zo, a tambayi abu uku: wa ya gani da idonsa, wace rana, kuma mutum nawa aka tura wa. In babu amsar na farko, ba a kwance ko maraƙi ɗaya ba.

Kuma ka ja kunnen Baba kan masu turo saƙo su ce sun yi kuskuren aiko kuɗi a mayar musu, ko a ba su lambar sirri wai za a sa mutum cikin masu samun tallafi. Kawuna jika arba'in ya rasa ta haka, kuɗin akuyar da ya sayar a ranar.

Alhaji Mai Tassa:

Ɗana, ka daina cin kanka. Ruwan farko ya yaudari manoma tun kafin a ƙera salula, ni kaina na sake shuka sau uku a 1984.

Shamuwa tana gaya maka damina ta kusa. Ba ta gaya maka gonarka ta sha. Wannan hannu ne yake faɗi. Washegarin ruwa a tona ƙasa, in danshi bai wuce taƙi ba a bar iri cikin rumbu. Malaman gona ma ƙa'idarsu kusan haka take: ruwa ya kai milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada ya yanke fiye da mako a watan da ya biyo baya. Sashe na biyun sai Allah, shi ya sa ba a zuba iri duka a shukar fari. A raba shi biyu. Kuma in gonarku tana da fako ku yi tassa, wato ƙananan ramuka na shuka, ku sa taki, ramin yana riƙe laima kwanaki bayan fili ya bushe.

Ka tambayi ƙanenka ko ana sassabe rassan gawon nan da rani don awaki.

Ɗan Adar, daga Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, Allah ya ƙara girma, tambayarka ce ta hana ni barci, ranar Juma'a na rufe tebur na tafi gida.

Gaskiya ne. Shekara uku ke nan ƙannena suna hawa gawon da rani suna sare wa awaki rassa, saboda ciyawa ta yi tsada kuma gawo ne kaɗai mai ganye a lokacin. Manyan rassan sama da sheƙu suke zama a kai, huɗu babu su. Ban ga laifinsu ba, dabba tana kuka da yunwa ga ganye a tsakar gida. Na yi musu alkawarin buhun dusa biyu duk rani daga teburina, su kuma su bar saman bishiyar. Na kuma zaga ƙauyen da ke gabas da mu kamar yadda Malama ta ce. A kukar bakin masallacinsu na ƙirga sheƙa biyar, amma limamin ya ce a da ba ta ƙirguwa.

Da dare na zauna da Baba na ba shi haƙuri kan bara. Ya ce iri ya riga ya tafi, a bar maganar. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da wata ƴar jaka. Ashe bai zuba duka ba, ya ɓoye kusan rabin tiya na tsohon irin, bai gaya wa kowa ba. Bana zai shuka shi a gefen gona inda ƙasa ta fi riƙe ruwa, don ya samu na baɗi.

Mun shirya haka: hasashen da na ji daga bakin hukuma a rediyo zan faɗa masa yadda aka faɗe shi, har da “mai yiwuwa” ɗin. Wanda aka turo ba suna, a wayata zai tsaya. Malama, in akwai lokacin da ake karanta hasashen da Hausa a rediyo, don Allah ki rubuta mini a nan, ina so Baba ya riƙa ji da kunnensa. Da na fito da safe ɗaya daga cikin shamuwar tana kwance a sheƙa, ɗayar tana kawo kara.