Awa shida, Litinin da Alhamis: abin da dokar kulle ta yi wa sana'o'i a Kano

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattara abin da kowa ya sani a fanninsa game da dokar kullen korona ta 2020 a Kano. Don mu daidaita lissafi: ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko, Gwamna Ganduje ya sa dokar zaman gida daga daren 16 ga wata, azumi ya kama ranar 24, Shugaba Buhari kuma ya ƙara mako biyu ranar 27. A farkon Mayu aka fara sassautawa ranakun Litinin da Alhamis, daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, kasuwannin 'Yankaba da 'Yan Lemo aka bari su ci, su Kwari da Sabon Gari suna garƙame. Sai farkon Yuli aka ɗage dokar. Tambayata: a sana'arku me ya fara lalacewa, cikin kwana nawa, kuma wace dabara ce ta yi aiki?

Ɗan gwari:
Wa alaikumus salam Malam. Bari mu fara, tunda mu ne kayanmu ba sa jiran kowa.

Wanda ya yanka goma zuwa huɗu bai san yadda gwari ke ci ba. Tumatirin Kadawa da Kura da Bunkure da yamma ake tsinkarsa, a yi lodi da dare, ya kwana a hanya, da asuba dillali ya sauke, kafin hantsi 'yan sari sun kwashe sun koma unguwanni. Ƙarfe goma kasuwar sari ta kusa tashi ke nan. Da aka ce goma za a buɗe, sai motar da ta iso da asuba ta tsaya a rana, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Kwandon tumatir daga ƙasa yake fara mutuwa: na sama ya danne na ƙasa, ya fashe, ruwan ya bi sauran. Ka buɗe ka ga sama jawur gwanin sha'awa, ka sa hannu ciki ka ji ɗumi kamar kunu. Da ka ji wannan ɗumin, a ranar za ka sayar ko ka zubar.

Nunanne kwana biyu ne, in ya yi ƙoƙari uku. Daga Alhamis zuwa Litinin kwana huɗu. To ka ga lissafin bai fita ba. Dabarun da suka rage asara su ne: a ce wa manomi ya tsinko mai ɗan kore-kore, kada a yi wa kwando tozo, a juye shi a inuwa a baza a tsince fasassu tun a ranar farko. Abin da ya yi saura a mai da shi kauda, a raba biyu, ɓangaren yanka yana kallon sama, a kan tabarma ko buhu, ba a kan ƙasa ba, don wanda ya sha yashi ba ya daraja. A ranar bazara kwana uku zuwa biyar ya bushe. Amma kada wani ya zaci riba ce, tumatir kusan duk ruwa ne, kwando guda in ya bushe abin da zai rage sai ka yi mamaki. Attaruhu da tattasai sun fi haƙuri. Albasa kuwa ba ruwanta, in dai ba a rufe ta a leda ba.

Mai lemo, Na'ibawa:
Gaskiya ne Alhaji. A takarda motar abinci tana da izinin wucewa, amma a hanya kowane shinge da irin fassararsa. Motar mangwaro daga Binuwai da ta saba kwana ɗaya sai ta yi uku, tana rufe da tamfol, kayan na nuna a ciki. Ayaba ta fi kowa saurin tafiya. Kankana ce ta riƙe mutane a azumin nan, don tana yin sati lafiya in ba ta bugu ba.

Mai gonar kaji:
Ku 'yan gwari ai kuna iya cewa manomi ya dakata da tsinka kwana ɗaya. Kaza ba ta san doka ba. Ga lissafin: mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji dubu ke nan suna tashi da kusan buhu biyar mai kilo 25 kullum. In suna yi da kyau za su ba ka ƙwai wajen 800, kiret 26 da 'yan kai. Babban mai saye kuwa mai shayi ne, da gidan burodi, da makarantun kwana, duk an rufe su. Sati ɗaya kawai, kiret ya doshi 190 a ɗaki, takardun kiret ɗin ma sun ƙare.

Kuskure biyu aka fi yi. Na farko, rage abinci ko cika shi da dusa don ya kai. Kaza za ta sauke ƙwai cikin 'yan kwanaki, kuma ko an dawo da abinci mai kyau sai ta ɗau makonni kafin ta koma yadda take. In dole ne a canza abinci, a riƙa gauraya sabo da tsoho na kwana biyar zuwa bakwai. Na biyu, wanke ƙwai don ya yi kyan gani. Wanki yana cire abin da ya toshe ƙofofin ɓawon, sai ya lalace da wuri. A goge da busasshen tsumma, a jera tsinin yana ƙasa, a rubuta kwanan wata a kan kowane tari, a fara fitar da na farko. A zafin nan kada a yarda ya wuce kwana goma zuwa sati biyu.

Masu burola su ne abin tausayi. Daga sati shida zuwa takwas ta kai, bayan nan ci take yi ba riba, ga ta da nauyi zafi na kashe ta da tsakar rana. Wanda ya yanka ya sa a firiza kuma ya koma hannun wuta da man janareto.

Maman yara, mai sayar da kayan sanyi:
Malam mai kaji, ƙarin bayani kan firiza. Wadda take cike, kayan sun daskare, in an ɗauke wuta tana riƙe sanyi kwana ɗaya zuwa biyu in ba a buɗe ba. Buɗe-buɗen ne ke kashe ta, musamman da azumi da yara ke zuwa neman ƙanƙara. A ware ta nama daban. Kuma kada a cusa kaji masu ɗumi da yawa lokaci guda, na tsakiya ba sa daskarewa, sai an zo fitarwa a ji wari.

Ɗan Dawanau:
Ni ta ɓangaren magidanta zan yi magana. Mutane da yawa sun yi dabara sun sayi tsaba, suka manta tsaba ba tuwo ba ce sai ta je inji. Buhun masara kwano 40 ne, gida mai mutum goma kwano guda na iya yi musu tuwon dare, wato buhu ya haura wata. Amma mai inji yana buƙatar wuta ko gas, kuma ranar da aka buɗe layin robobi har waje. Sai a surfa da yawa, a wanke, a shanya ta bushe ƙarau kafin niƙa, bayan niƙa a sake baza garin ya huce. Garin da aka ɗaure da ɗuminsa yana dunƙulewa ya yi tsami. Gero kuma kada a niƙa na fiye da 'yan kwanaki, garinsa ɗaci yake yi, yana da maiƙo. Wake a zuba a jarka busasshiya, a cika ta har wuya, a toshe, ƙwaro ba ya rayuwa in babu iska.

Mai POS:
Abin da ba a faɗa ba shi ne kuɗin sayen. Mai POS da kuɗin 'yan kasuwa yake juyawa: mai shago ya kawo cinikinsa a tura masa, wannan tsabar ita ake ba mai cirewa. Da aka rufe kasuwa sai hanya ta zama ɗaya, kowa cira yake, ba mai kawowa. Kafin azahar aljihu ya bushe. Banki kuma mutum kaɗan-kaɗan ake shigarwa, sai magidanci ya ƙone awa huɗu cikin shidansa a layi, ya isa kasuwa ana tattara kaya. Gidan da suka raba aiki, ɗaya banki, ɗaya inji, ɗaya cefane, su suka ci moriyar ranar.

Ɗan gwari:
Shi ya sa nake cewa sassaucin ya tara jama'a fiye da yadda kasuwa ke tarawa a ranar da ba doka. Cinikin kwana huɗu aka matse a awa shida, a kasuwa biyu. Ina tazara a nan?

Ma'aikaciyar jinya:
Alhaji, a kan cunkoso na yarda da kai, amma kada a ɗauka dokar ba ta da dalili. A makonnin nan an yi ta rasa dattawa a birni, kowa ya shaida. Gyaran da ya kamata shi ne a yawaita wuraren saye, kamar yadda Kaduna ta mai da filayen makarantu kasuwannin unguwa.

Ta fanninmu, masu hawan jini da ciwon suga ne suka fi shiga haɗari, don asibitoci sun rage ganin marasa lafiya, mutane kuma na tsoron zuwa. Mai shan magani kullum ya riƙe na wata guda a hannu, ya ajiye kwalin ko ya ɗauki hotonsa, saboda "ƙaramin fari ɗin nan" ba suna ba ne a kemis. Kada a raba ƙwaya gida biyu don ta kai, kada a daina don an ji sauƙi. Allurar insulin da aka fara amfani da ita tana yin kamar mako huɗu in zafi bai wuce digiri 30 ba, ɗakin kwano kuwa ya wuce haka nesa. In babu firji, a sa kwalbar a roba mai murfi, a ajiye cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da aka zaunar a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ba a sa ta a firiza, in ta daskare ta tashi aiki.

Tela:
Hajiya Allah ya saka. Mu kuma a watan da muke haɗa kuɗin shekara abin ya faɗo. Mutane na ganin tela yana da keke a gida, me zai hana shi aiki? Babbar riga ba hannu ɗaya ke yin ta ba. Tela ya yanka ya haɗa, a kai wa mai aikin zare, a dawo da ita a ƙarasa, a kai wa 'yan bugu, kowanne a unguwarsa. Kowace tafiya tana cin ranar fita guda. Rigar kwana huɗu ta koma ta sati biyu, in ma an samu zaren da ya dace da shaddar, tunda masu zare da zif da maɓalli suna cikin kasuwannin da ke rufe. Sallah ta zo 24 ga Mayu da ɗinkuna a rataye ba a yi musu wuya ba. Abin da ya kawo kuɗin cefane takunkumi ne: ƙyallen atamfa ninki biyu ko uku, da kotunan tafi-da-gidanka suka sa kowa nema. Da robar kunne ta yi wuya sai aka koma ɗinka masa igiya.

Bakanike, 'yan Adaidaita:
A taƙaice, don wanda zai ajiye mashin. Batir ne ke fara mutuwa, sati biyu zuwa uku, musamman in an jona rediyo ko fitilun ado. A cire wayar baƙin kai, ko a tayar da shi duk kwana uku ya yi minti goma sha biyar. A rufe makunnin mai a bar injin ya shanye na cikin kafireto, in ba haka ba man ya bushe ya bar danƙo ya toshe jet. A riƙa ɗan gusa shi don taya kada ta kwanta gefe guda. Sai maganar balas: duk wanda ke biyan mai mashin kullum, su zauna tun ranar farko su yanke ko kwanakin kulle suna cikin lissafi, a gaban shaida. Rigimar da ta biyo baya yawanci a kan wannan ce.

Uwar adashi:
Haka ma adashi, ɗana. Wanda ya riga ya kwasa sai ya ce ba ciniki, wanda bai kwasa ba ya ce a ba shi zubinsa. Inda aka zauna lafiya, dakatar da zubi da kwasa aka yi gaba ɗaya, aka rubuta inda aka tsaya da sunan mai bi, ranar da kasuwa ta dawo aka ɗora daga kansa.