Neman kalma: me za mu kira "jig" da sandarsa da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina neman Hausar kalmomi uku daga harkar fatsa ta Amurka: "jig", sai "power" da "action" da ake rubutawa a jikin sanda. Bayanin na zaɓen sanda mai araha ne don kama kifin bas. Na ga an sa "ƙarfi" da "sauri", amma raina bai kwanta da "sauri" ba.

Masunci: Wa alaikumus salam. Malam, a fara sanin abin kafin a raɗa masa suna. "Jig" ƙugiya ce mai kauri da aka zuba wa dalma a ka. An ɗaura mata siraran zaruruwan roba a wuya masu baje kansu cikin ruwa, sannan akwai wasu gasu masu tauri a gaban bakin ƙugiyar da ke hana ta maƙalewa a ciyawa da rassa. A kan soka wata roba mai taushi a bayanta mai kama da jatan lande, domin shi bas ke farauta a ƙasan ruwa. Nauyin da aka fi aiki da shi 3/8 zuwa 1/2 na oza ne, wato kusan giram 11 zuwa 14, a ruwa mai zurfi kuma har giram 21 ko 28. Ana jefa ta kusa da kututture ko ciyawa, a bar ta ta nutse, a ɗaga kan sanda kaɗan, a sake ta. Sau da yawa tana cikin nutsewa kifin ke ɗauka.

Ɗan Koli: To ai ga "jigo". Sandar jigon lambu ma sama take yi ta yi ƙasa, kuma lafazin ya yi kusa.

Malamar Hausa: Ɗan'uwa, jigo kaya sun riga sun yi masa yawa: ga na ban ruwa, ga jigon labari, ga jigon jam'iyya. Wanda ya karanta "sandar jigo" lambu zai tuna. Ko "jigi" aka ara, jam'insa zai faɗa cikin "jiga-jigai". Ni "ƙoton dalma" ya fi kwanta mini.

Masunci: Hajiya, matsalarsa biyu. Dalma a bakin masunta ita ce nauyin da ake maƙala wa zare ko taru, ba ƙugiya a jikinta. Kuma masu tsada ba dalma ba ce a kansu, tangistin ne, wanda ya fi dalma nauyi, shi ya sa kan ke fitowa ƙarami. Abin da ido ke fara gani a jikinta zaruruwan nan ne, kuma tuntu sak suke. "Ƙugiya mai tuntu".

Malamar Hausa: Na karɓa. A taƙaice "mai-tuntu", jam'i "masu-tuntu", sandar kuma "sandar mai-tuntu". Kifin a bar shi bas. Kada a ce giwan ruwa, jinsinsu daban ne.

Mai Gyaran Sanda: Sunan ƙugiyar ba ya jawo wa kowa asara. "Sauri" ne zai sa mutum ya sayi sandar da ba ta dace ba. Abubuwa biyu ne daban. "Power" shi ne yawan nauyin da ake buƙata kafin sanda ta tanƙwara, don haka "ƙarfi" ya yi daidai. "Action" kuwa wurin da take tanƙwarawa ne. Wadda aka rubuta wa "fast" kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na samanta kaɗai ke lanƙwasa, sauran jikin a miƙe yake. "Moderate" tana lanƙwasa har tsakiya, "slow" kuma kusan har mariƙi. Saurin da Turawa ke nufi shi ne yadda tsinin ke komawa daidai nan take, amma Bahaushe in ya ji "sanda mai sauri" zai ɗauka saurin jawo kifi ne, wanda aikin kwarkwaron naɗe zare ne. Ina ba da shawarar "lanƙwasa": lanƙwasar tsini, lanƙwasar tsakiya, lanƙwasar duka jiki.

Ga dalilin da ya sa mai-tuntu ke buƙatar lanƙwasar tsini. In kifi ya ɗauka, fizga guda ce za ta danne gasun nan masu tauri, ta kuma cusa ƙugiya mai kauri cikin bakinsa. Sandar da ke lanƙwasa har tsakiya za ta shanye ƙarfin fizgar, ƙugiya ba ta shiga ba, kifi ya yi tsalle ya tofar. Wadda ta cika tauri kuma, kamar muciya, ba ta iya cilla giram 11, zare ya cukurkuɗe a kwarkwaro.

Mai Fassara: Allah ya saka. To mai kuɗi kaɗan, wace zai ɗauka?

Mai Gyaran Sanda: In ɗaya zai saya, ƙafa 7 zuwa ƙafa 7 da inci 3, wato mita 2.1 zuwa 2.2, ƙarfi tsaka-mai-nauyi (tsakanin matsakaiciya da mai nauyi), lanƙwasar tsini. Sai a cikin ciyawa mai kauri ne ake hawa zuwa mai nauyi, ƙafa 7 da inci 6. Ya karanta rubutun da ke saman mariƙi: in an sa nauyin ƙugiyar da sandar ke iya cillawa 1/4 zuwa 1 oza, ko 3/8 zuwa 1, nauyin mai-tuntunsa na tsakiya, ya yi. Kamfanoni ba su da ma'auni guda, tsaka-mai-nauyin wani mai nauyin wani ne, saboda haka lambar ta fi sunan amana.

Jikin ya zama girafayit. Faiba ta fi jure wahala, amma tana da nauyi kuma ba ta isar da motsi, alhali ɗaukar kifin kan zo ne kamar ɗan ƙwanƙwasa guda a hannu. A Amurka tsakanin dala 50 da 100 ana samun girafayit mai kyau. Abin da ake ƙara biya bayan nan galibi rashin nauyi ne da ingancin zobban da zare ke bi a jikin sanda.

Ɗan Koli: A zobban ne masu araha ke yankan baya. A leƙa daga gindi a ga ko sun jeru. A zagaya auduga cikin kowane zobe. In ta kama, akwai tsaga, kuma ita za ta cinye zare. A ɗaura kwarkwaro a murɗa a ji ko yana girgiza a mazauninsa. Mai gaɓa ɗaya ta fi mai gaɓa biyu isar da motsi, sai dai wahalar ɗauka.

Masunci: Zaren ma ya bi rubutun sandar: zaren fulorokabon mai jure nauyin laba 15 zuwa 20 a ruwa garau, zaren tufka laba 50 zuwa 65 a cikin ciyawa. Shi na tufka ba ya miƙewa kamar roba, don haka duk ƙarfin fizga kan sanda yake sauka. Yawancin karayar tsini daga ɗaga sanda tsaye cak ne da kifi a rataye, ko fizgar ƙugiyar da ta maƙale. In ta maƙale, a miƙe sandar ta fuskanci wurin, a ja zaren a miƙe.

Mai Fassara: Ga yadda zan rubuta: "Sandar mai-tuntu ta girafayit, ƙafa 7, ƙarfi tsaka-mai-nauyi, lanƙwasar tsini."

Malamar Hausa: Ya zauna, Malam. Sai dai a farkon ambato a rubuta "ƙugiya mai tuntu" cikakke, kuma a sa karan ɗori a "mai-tuntu", kada mai karatu ya zaci sandar ce ke da tuntun.