Ƙuman ruwa za su iya gyara kududdufin bayan gidanmu?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum. A bayan gidanmu akwai kududdufi da kakanninmu suka haƙa garin ɗibar ƙasar gini. Ina yaro a nan muke iyo, idan kaka ta yi har ƙasan ruwan kana hangowa. Yau kwatocin unguwa duk can suke zuba. Ruwan ya yi kore kamar miyar kuka, da bazara kuma wari ba ya barinmu zaman ƙofar gida bayan magariba. Shekaranjiya na tarar da Hafsat ta tsoma kara a ciki, ta ɗago shi yana ɗigar da wani koren yauƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ƙanena ya ba ni labarin binciken da Farfesa Luisa Orsini da abokan aikinta suka fitar a 2023 a Jami'ar Bamingham ta Ingila. Wasu ƙananan halittu suka yi amfani da su, ƙuman ruwa, da masana ke kira Dafniya. A gwajin, sun cire kashi 90 cikin ɗari na diklofenak, maganin ciwon jikin nan, da kashi 60 na gubar asenik, da kashi 59 na atirazin da muke feshin ciyawa da shi. To in na samo su na zuba a namu, za su yi aiki? Sannan Inna tana jin sunan ta ce kul, ai su ne masu kawo kurkunu. Har yau tabonsa yana idon sawunta, shi ya sa ban yi mata musu ba.

Malama Asabe:
Wa alaikumus salam. Malam, a gaida Inna, tsoronta yana da tushe, sai dai suna ne ya zo ɗaya. Mai ɗaukar tsutsar kurkunu wata halitta ce daban da ake kira Saikulos, ita ma ana ce mata ƙuman ruwa. Dafniya ba ta cikin wannan. Kuma tun 2008 aka ga mutum na ƙarshe da kurkunu a Najeriya, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi.

Na sha nuna wa ɗalibaina Dafniya a madubin ƙara girma. Girmanta bai wuce ƙwayar gero ba, jikinta garai-garai, kana kallon zuciyarta tana bugawa. Ƙafafunta ne rariyarta, da su take tace ruwa ta haɗiye gansakuka da ƙwayoyin cuta. Amma ka lura, a Bamingham ruwan da aka riga aka tace a matatar ruwan ƙazanta suka ba ta, ta yi sharar ƙarshe. Gubar kuma a jikinta take taruwa, dole a riƙa kwashe su, in ba haka ba su mutu ta koma inda ta fito. Ko sun share ruwan, bai zama na sha ba.

Mai Tarwada:
Yaya Abu Hafsat, shekara shida ina ƙyanƙyasar tarwada, bari in faɗa maka abin da hannuna ya taɓa. Irin da Turawa suka fi gwaji da ita ta fi son ruwa mai sanyi, wajen digiri 20. Zafin Afrilu zai gama da ita. Mu 'yar'uwarta muke kiwo, Moyina, ta fi ƙanƙanta kuma ta fi jure zafi. Nakan cika duro da koren ruwa in zuba ludayi ɗaya nata. Kafin mako ya zagayo ruwan ya washe, su kuma sun yi dafifi, ja-ja, suna tsalle kamar an watsa garin barkono. Matan ba sa jiran namiji, haihuwa kawai suke yi.

Amma fa ni don abincin 'ya'yan kifi nake kiwonsu. In akwai kifi a kududdufinku, kalaci ka kai musu. Ruwan omo da maganin feshi kuma kashe su suke yi. Na taɓa asarar duro biyu a dare ɗaya saboda yarona ya ɗebi ruwa da bokitin wanki.

Malama Asabe:
Gaskiyar Mai Tarwada. Saboda saurin mutuwar Dafniya ma ake auna dafin ruwa da ita a ɗakunan gwaji. In akwai ruwan majema mai sinadarin kuromiyam da ke shiga wurin, kada ka wahalar da kanka. Kuma wani koren ruwan, mai kama da fenti a sama, ba ta iya cinsa sosai.

Abu Hafsat:
Allah ya saka da alheri. Majema babu a kusa da mu, amma ruwan wanki kam kwata uku na ƙirga yau da safe, ɗaya daga gidana take fitowa. Da ita zan fara, zan haƙa mata rami a cikin gida. Ranar Juma'a bayan an sauko zan tare mai unguwa da maganar sauran biyun. Mai Tarwada, na wanke duro biyu, ɗaya zan cika da ruwan kududdufin zalla, ɗayan in sirka da na rijiya, mu ga wanda za su rayu a ciki. Nawa za ka sayar min da ludayi biyu, kuma a me ake ɗauko su kada su mutu a hanya?