Yaushe za a gane takunkumin numfashi ya gaza?

Likitoci da ma'aikatan jinya a Kano sun tattauna kan mai tsananin nimoniya (ciwon huhu) da aka ɗora wa takunkumin injin numfashi. Bakinsu ya zo ɗaya kan sa'a ta farko: a zauna kusa da shi, a duba bugun zuciya, hayyacinsa, yawan numfashi, iskar oksijin da tsamin jini. Waɗannan biyar su ne ma'aunin HACOR, wanda ke bai wa kowannensu maki, kuma jimillar maki sama da 5 bayan sa'a ɗaya alama ce ta gazawar takunkumin. Haka ma idan numfashi ya ƙi sauka daga 35 a minti.

An yi ta gardama kan jinkirin saka bututun numfashi a maƙogwaro, wato matakin da ake ɗauka idan takunkumin ya gaza. A ganina masu cewa a tanadi gadon kulawa ta musamman, inda ake kwantar da wanda aka saka wa bututun, tun da wuri sun fi gaskiya, don gadajen ba su da yawa.