Ƴata tana Amurka, ta ce a dawo da ita

Assalamu alaikum. Iyaye, don Allah ku ba ni shawara. Ƴata mai shekara 16 tana jihar Iowa a shirin musayar ɗalibai, a gidan wasu Turawa masu kirki. Tun shigowar Disamba kullum kuka take. Mun ɗauka ƴar Jos ta saba da sanyi, ashe can ruwa ƙanƙara yake zama, kafin ƙarfe 5 kuma rana ta faɗi. Naman gidan ba yankan Musulmi ba ne, ƙwai da burodi kawai take ci, kunya ta hana ta faɗa musu. Ga tazarar awa 7, tana tasowa daga makaranta mu dare ya yi. In lallashe ta ta jure zuwa Yuni ne, ko in kira ma'aikaciyar shirin da ke kula da ita?